Kusurwa takwas a zafin Garwa

Sarƙar da ta jawo min wannan aiki, a wuyan baƙuwa na fara ganinta. Watan Janairun 2022 ne, lokacin gasar cin kofin Afirka, garinmu Garwa da ke Kamaru ta cika ta batse da 'yan Najeriya saboda a filin Roumdé Adjia ƙungiyarsu take wasa. Gidanmu a Yelwa har zaure sai da aka shimfiɗa tabarmi. Cikin baƙin akwai wani aminin maigida daga Yola da ya taho da matarsa, ita ba ƙwallo ce ta kawo ta ba, dangin uwarta ta zo gani. Daren da Tunisiya ta yi waje da su, maza suka dawo babu mai ko tari, mu kuwa muna tsakar gida muna juya sarƙar nan hannu zuwa hannu.

Duwatsun ba mulmulallu ba ne irin na jigida ko na carbi. Kowane ɗaya kamar ƙwayar lido yake, fuska shida, kusurwa takwas, shuɗi mai duhu da ratsin fari. Na ɗora a tafin hannu na ji ba nauyi. Na ɗan ƙwanƙwasa a haƙori, ba ƙarar dutse ba ce, ba kuma ta gilashi ba. Baƙuwar ta ce, "Fimo ne, da hannu ake yi a gasa." Iyakar abin da ta sani ke nan, ita ma saye ta yi.

Autarmu da aka sa bikinta mako guda bayan ƙaramar salla tana zaune a gefena. Ta dafa min gwiwa ta ce, "Adda, irin wannan nake so ƙawayena su sa ranar wuni." Ni mai lalle ce, ina kuma taɓa ɗinki, hannuna ya saba da ƙananan abubuwa, don haka ko tunani ban yi ba na ce ta bar min. A daren na yi lissafi a bayan kwalin ashana: ƙawaye 10, kowacce dutse 11 a wuya da 2 a kunne, ya kama 130. Amarya 25 a wuya da 2 a kunne. Duka 157. Na ce a raina aikin kwana uku ne.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar Ngawundare shi ya sa wani abokinsa ya sayo kayan a Yawunde. Suka biyo jirgin ƙasa na dare zuwa Ngawundare, daga nan aka ɗora su a mota zuwa Garwa. Sai tsakiyar Maris suka iso hannuna, dunƙule goma, kowanne kamar ƙaramin sabulun wanka a cikin leda: shuɗi biyar, fari huɗu, ɗaya kalar lalle. Kowane dunƙule giram 57 ne, an tsaga bayansa gida takwas. Daga baya na gane kowane gida yana ba ni dutse biyar masu santimita ɗaya, wato dunƙule guda ya kai arba'in idan ba a yi ɓarna ba. Ɓarna kuwa na yi ta har na gode Allah.

Da ƙanen nawa ya zo hutu shi ya zauna ya karanta min ledar. A Jamus ake yi, a gasa a zafin digiri 110 na minti 30, kada a wuce 130. Ya ce wata mata da ake wa laƙabi da Fifi, 'yar wata shahararriyar mai yin 'yar tsana, ita ta fara sarrafa shi, tun 1966 kuma ake sayar da shi da sunan Fimo. Kawu da ke alwala a bakin rariya ya ce, "Ashe Jamusawan da aka kora daga Garwa a 1915 ta cikin leda suka dawo." Abin da ya fi min amfani a bayaninsa shi ne da ya ce, "Adda, ki cire wa ranki cewa yumbu ne. Robar bututun ruwa ce, wadda ake kira PVC, aka mayar da ita gari aka kwaɓa da wani mai da ke sa ta laushi. Babu ɗigon ruwa a ciki. Ko shekara ta yi a buɗe ba za ta bushe ba, zafi kaɗai ke sa ƙwayoyin garin su shanye man su haɗe."

Na ce to, amma ban ji ba. Biyu daga cikin dunƙulen sun zo da tauri kamar sabulun solo, don kwalin a saman mota ya sha ranar hanya. Na ɗebo ruwa na yayyafa musu kamar yadda na ga masu ginin tukwane suna yi, ruwan ya gangare ya bar su yadda suke. Sai na daddatsa su ƙanana da wuƙa, na ɗiga musu man jarirai, na ƙulle a leda suka kwana. Ɗaya ya dawo hayyacinsa bayan murza ta kusan awa guda. Ɗayan ko gezau, rana ta riga ta fara gasa shi a hanya, abin da ya gasu kuma ba ya komawa ɗanye. Tun daga nan sauran a ƙarƙashin gado nake ajiye su, cikin langa mai murfi, can ɓangaren da bango bai shan rana.

Kafin a yi komai da shi sai an murza. Ka yanko gida ɗaya ka ɗumama a tafin hannu, ka mulmula shi ya yi tsawo kamar igiya, ka ninke, ka sake mulmulawa. Alamar ya yi ita ce ka lanƙwasa igiyar biyu ba ta tsage a gwiwa ba. Mutanen ƙasashen sanyi wai a nan suke shan wuya. Mu tamu matsalar ta juye. Azumin shekarar a watan Afrilu ya faɗo, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 da rana, kwano yana ƙara a saman kai. Minti biyu a hannuna abin ya zama cingam, yana bin yatsa, duk inda na taɓa zanen fatata ya fito raɗau kamar na je yin katin zaɓe. Maganin da na samu shi ne in murje shi falle, in sa tsakanin farar takarda biyu, in danne da turmin daka yaji ya kwana. Da safe za ka ga takardar ta yi tabon mai irin na takardar ƙosai, shi kuma ya ɗan yi ƙarfi. Kada dai a zarce, wanda na manta kwana uku ya dawo yana marmashewa.

Sai maganar kusurwa, wadda ita ce ta kusa sa ni kuka.

Da yatsu na fara. In mulmula ƙwallo, in kama da babban yatsa da manuni na hannu biyu in matse gefe huɗu, in juya in matse sauran biyun. In na danna nan, can ya kumbura. In na gyara can, nan ya lotsa. Na yi guda goma sha biyar na jera a faranti, babu biyu da suka yi kama da juna. Goggo ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, daddawa kike ƙullawa da azumi?" Na yi dariyar yaƙe, amma gaskiya ta faɗa. Da na zauna na duba, tun muna yara duk abin da aka koya wa hannunmu mulmulawa ne: fura, ƙuli-ƙuli, dawo, malmalar tuwo. Tsokar yatsa kanta a zagaye take, ba ta da inda za ta ba abu kaifi. Duk yadda na so, hannun sai ya koma ga abin da ya sani.

Maƙwabciyarmu mai awara ce ta fitar da ni, ba tare da ta san ta yi ba. Na shiga karɓar ta buɗa-baki na tarar tana yanka. Ba ta gina awara ɗaya-ɗaya. Babban fanko take dannewa da dutse ya yi bai ɗaya, sannan ta ja wuƙa tsaye, ta ja a kwance, ga su nan kamar an auna. Na tsaya riƙe da kwano ina kallo har ta ce, "Maman yara, lafiya?" Washegari na aiki yaro wurin kafinta ya fere min katako biyu dogaye, kaurin kowanne santimita ɗaya cif, ya goge su sumul. Wurin mai gilashin taga kuma na samo guntu kamar tafin hannu, na liƙe bakinsa da salatif. Teburin aikina tayil guda ne da ya rage lokacin da aka gyara banɗaki.

Ga yadda abin ya koma. In mulmula igiya mai ɗan kauri in kwantar tsakanin katakon biyu, in ɗora gilashi in danna har ya zauna a kansu. In juya igiyar ta kwanta a gefenta, in sake dannawa. Sau shida, sau takwas, har ta zama sanda mai gefe huɗu daidai. Amfanin gilashi shi ne kana ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Sai in ɗora rula in yi ɗan tabo da allura a kowace santimita. Ba a yanka nan take. Sandar ta sha ɗumin hannu, in ka sa reza za ta lotse ta yi kamar bakin kwaɗo. Sai ta yi minti ashirin a firji, ran da babu wuta kuma in sa ta a gwangwanin madara mai murfi in saka a randa. Rezar aski nake amfani da ita, na rufe baki ɗaya da salatif. A sauke ta tsaye sau ɗaya, ba a ja kamar mai yankan nama. Bayan kowane yanka a juya sandar zuwa wani gefen, don kada nauyin rezar ya riƙa sauka waje guda. Ranar da na fara yin haka, guda takwas suka fito a jere kamar sukari mai ƙwaya. Na kai wa Goggo a kan gilashi ban ce komai ba. Ta ɗaga ɗaya ta juya ta ce, "To, wa zai ja carbi mai kusurwa?"

Lokacin aiki ma sai da na canza. Daga sahur ba na komawa barci. In an idar da asuba in wanke hannu da ruwan randa, in zauna a baranda har wajen ƙarfe bakwai, kafin rana ta hau katanga. Awa biyun nan su ne kaɗai abin yake jin magana. Hannu ya ɗumama in sake tsoma shi a ruwa, in tsane sosai, in ci gaba.

Ratsin fari da shuɗi ya fi yadda na zata sauƙi. Kwalba ce muciyata, rula biyu a gefe su tsare min kauri. In murza falle biyar masu kaurin milimita biyu-biyu, in jera shuɗi, fari, shuɗi, fari, shuɗi, a haɗe sun ba da santimita ɗaya. Wurin jerawa ake lura: a kwantar da falle daga baki ɗaya ana shafawa zuwa ɗayan, in ba haka ba iska ta maƙale a tsakani, a wuta ta kumbura ta ɓata fuskar dutse. Duk ƙurjin da na gani in huda da allura in shafe. Daga wannan fankon nake fitar da sanduna, irin na mai awara sak. Dutsen da ya fito, fuska huɗu masu ratsi ne, biyu shuɗi zalla, kamar an yanko shi daga saƙi. Abu ɗaya da ya ci min rabin dunƙule: fari ake fara taɓawa. Shuɗin nan yana bin hannu, in ka murza shi ka koma kan fari, ka samu kalar toka. Ƙura ma ba ta da abokin da ya wuce farin. Da auduga da ɗan sifirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, nake share ta tun yana ɗanye.

Huda ta sake mayar da ni baya. Ka sha wahala ka samu kusurwa, ka soka allura, ta fita ta ɗaya gefen da tudu kamar cibiyar jariri, yatsun da ka riƙe da su kuma sun lotsa gefe biyu. Guda goma sha biyu na mayar cikin curi kafin na kama hanya. Dutsen ya kwana tukuna, ya huce. A shafa ɗan sitaci a yatsa. A riƙe shi sakwa-sakwa kamar ƙwan tsaka. Allurar ba tura ta ake yi ba, murza ta ake yi tsakanin yatsu kamar maburgi tana cin hanya da kanta, har ka ga ɗan tsiro ya nuna a ɗaya fuskar. Sai a zare, a shiga ta wajen tsiron, ramukan biyu su haɗu a tsakiya. Daga nan a ɗan taɓa kowace fuska da gilashi. Ta fuskoki biyu marasa ratsi na huda na ƙawaye, don ratsin ya zagaye dutsen kamar ɗamara. Na amarya daga kusurwa zuwa kusurwa na yi su, su rataya a karkace, kuma ba zan ɓoye ba, ashirin da bakwai ɗin nan sun ci min safiya huɗu. Can daga baya na gano ba sai ramin ya yi faɗi tun yana ɗanye ba. Siririyar allura ta isa. In ya gasu sai a buɗa shi da ɗan bakin dirila na milimita 1.5, ana murzawa da hannu. Wurin mai gyaran agogo na samo nawa, na yi masa mariƙi da ragowar fimon da ya dagule na gasa su tare.

Gashi kuwa, a nan na san garaje ba ƙarfi ba ne. Ba ni da obin. Na ce ai kek ma a tukunya muke gasawa, a zuba yashi a ƙasa, a ɗora a gawayi. Na ɗebo yashin Binuwai mai laushi, na jera duwatsu ashirin a murfin gwangwani, na rufe, na tafi yankan kuɓewa. Ko minti goma ba a yi ba wani wari ya tashi, ba irin na ƙonannen abinci ba, wari mai kama maƙogwaro yana sa ido ruwa. Na buɗa murfi hayaƙi ya bugo ni. Farin ya koma kalar ƙasa, na gefe sun yi baƙi sun kumbura suna tafasa. Na kwashe yara muka fita ƙofar gida, na dawo da tsumma a hanci na janye tukunyar zuwa bayan gida. Maigida ya shigo daga masallaci yana tari ya ce, "Wayar wuta ce ta kama?" Da na kira ƙanena ya yi min faɗa kamar shi ne babba. Ya ce robar nan in ta ƙone iskar da take fitarwa mai guba ce, tana cin hanci da huhu, kada in sake yi a rufaffen wuri. Yashin na zubar, tukunyar kuma ba ta sake komawa madafa ba.

Karo na biyu tsoro ya sa na rage wuta sosai, na sauke a minti goma sha biyar. Suka fito gwanin sha'awa, kala ba ta canza ba. Na shirya su a zare ina ta nuna wa mutane. Kwana biyu 'yata ta taka ɗaya da ya faɗi, ya ruguje kamar alkaki. Na danna wani da farce, shi ma ya tsage. Waje ya yi kamar ya gasu, ciki gari ne. Sa'ar da na yi ita ce wanda bai gasu ba ana iya mayar da shi wuta, ba kamar ƙonanne ba.

Wata Hajiya a layinmu mai yin kek na biki ita ta tausaya min. Ta ba ni aron ƙaramin obin na lantarki da ta daina amfani da shi, ta haɗa min da ma'aunin zafi mai allura da ake ajiyewa a ciki. Ta ce, "'Yata, kada ki yarda da lambar da ke jikin makunnin nan, wannan ki riƙa kallo." Na murɗa zuwa 110 na zauna ina leƙe ta gilashi. Da ƙarafan sama suka yi ja, allura ta haura har 140, sannan ta gangaro ƙasa da 100, ta sake hawa. Ashe haka ƙananan obin suke, hawa da sauka. Na yi yini guda ba na gasa komai sai neman inda zan tsayar da makunnin. Na saka guntun tayil a ƙasa don ya riƙe zafi ya rage wannan tsalle-tsalle, ina kunnawa minti ashirin kafin in sa kaya. Duwatsun kuma a cikin tiren alminiyam biyu nake sa su, ɗaya kife a kan ɗaya, na maƙale bakinsu, don kada jan ƙarfen ya haska su kai tsaye. Ba a ɗora su a kan ƙarfe ko tayil tsirara, fuskar da ta kwanta za ta yi wani ƙyalli daban da sauran biyar. Farar takarda nake ninkewa kamar mafici in jera su a cikin kwarin, zafin 110 bai isa ya ƙona takarda ba. Da yake suna da kauri, minti 45 nake ba su. Daɗewa ba ta ɓata su, wucewar zafi ce ke ɓatawa. Kowane zubi ina haɗawa da ɗan siririn falle na gwaji. In ya huce na lanƙwasa shi ya dawo bai karye ba, zubin ya yi. Kuma ba a yanke hukunci da zafinsu, suna fitowa da ɗan laushi, sai sun huce suke ƙarfi. Sau biyu ana ɗauke wuta ana tsakiyar gashi. Na bar su a ciki, da aka dawo da ita na fara ƙirga daga farko, ba abin da ya same su.

Goman ƙarshe ta kama ina da 157 da ɗoriyar tara. Saura gugar samfefa. Wurin masu fentin mota ake samun mai laushin, lamba 400, 600, 800 da 1000, irin wadda ake jiƙawa. A shimfiɗa ta a kan gilashi, a ɗiga ruwa, a kwantar da fuskar dutse a zagaya sau goma. Ruwan yana hana ƙurar tashi, gilashin kuma yana hana fuskar yin doro. Autarmu ce ta buga lissafi a waya: fuska 942, kowacce sau huɗu, 3,768. Ta ajiye wayar ta ce, "Adda, ko mu sayi na kasuwa?" Ban tanka mata ba, amma ba ƙarya ta yi ba. Duk wanda zai auna kuɗin kaya da na mota da safiyoyin da na kashe, duwatsun Sin da ake aunawa a babbar kasuwa sun fi araha nesa ba kusa ba. Sai dai a can ba za ka ce ga shuɗin da nake so, daidai da atamfar anko, a ba ka ba.

Na tara ƙawayen amarya huɗu, bayan tarawihi mu baje a tsakar gida kowa da kwanon ruwanta. A daren farko na ɗaura ɗaya a wuya don gwaji, kafin in kai ƙofar ɗaki ya karce ni a ƙashin wuya. Kusurwar da na yi wata guda ina nema ta yi kaifi har ta wuce. Dole muka bi kowane gefe, goma sha biyu a kowane dutse, muka ɗan shafa shi a lamba 600 sau biyu, ido ya ga kusurwa amma fata kada ta ji. Ƙarshe a murza a kan tsohon wandon jins har ya ɗauki wani sheƙi mai sanyi, ba mai kashe ido ba. Tun daren nan na sa doka a kwashe komai kafin a kwanta, don ɗan maƙwabta mai shekara biyu ya kai ɗaya baki yana cewa alewa, da ƙyar uwarsa ta zaƙulo shi.

A ɗaya daga cikin dararen ne Goggo ta shiga ɗaki ta buɗe adudunta, ta fito da wani ƙulli a tsohon ɗankwali. Tsakiya biyu, murjani kaɗan, da wasu dogayen duwatsun gilashi guda shida masu furanni a jiki, ja da rawaya da kore, bakin ramukansu ya cinye saboda daɗewa a zare. Ta ce na uwarta ne. Ƙanena ya haska da waya ya ce irin waɗannan daga Benis ta Italiya fatake suka riƙa kawo su ƙasashenmu, kuma yadda ake yin furannin shi ne a haɗa sandar gilashi mai zane a cikinta, a ja ta ta yi siriri, a yayyanka. Ya ce masu fimo ma dabarar da suka ara ke nan, ratsin da na yi ƙanwar wannan ce. Goggo ta ɗora nata ɗaya kusa da nawa a tafin hannunta, ta jinjina su ta ce, "Wannan ya ga kakarki. Naki fa, zai ga jikarki?" Na ce Allah ya sa, na ci gaba da guga.

Ana jibi wuni hannuwanmu sun yi fari sun tattare, saura sarƙa biyu da 'yan kunnensu ba mu kai su lamba 800 ba. Ga lallen amarya yana jirana, ga na dangin ango. Na ɗauko jan farce marar kala na shafe duwatsu 26 ɗin nan, na rataye a waya suka bushe. Sauran muka shirya a zaren fatsa, ƙaramin dutse mai ruwan zinari tsakanin kowane biyu. Ranar wuni waɗannan biyun su suka fi ɗaukar ido, har wata daga dangin ango ta tambaye ni me ya sa ban yi wa sauran irin wannan gyaran ba.

Wata guda da 'yan kwanaki bayan biki, an fara ruwa, sai ga masu sarƙoƙin biyu sun yi sallama tare. Ɗaya ta kwance bakin mayafi ta ajiye min a cinya. Duwatsun sun yi danƙo kamar an tsoma su a zuma, zaren mayafi da gashi duk sun manne a jiki, na ɗayar har ya bar mata tabo a wuyan riga. Jan farce da man da ke cikin robar nan ba sa shiri, a hankali yake narka fuskar, ba ya kuma daina yi. Mai son ƙyalli sai ya nemi man sheƙi wanda ake sirkawa da ruwa, shi ma ya gwada a dutse ɗaya ya ajiye makonni ya gani. Na gwada kankare biyu da sifirit da lamba 400, suka yi dama-dama, amma a cikin ramin danƙon yana nan.

Na ce su bar min su dawo bayan sati. Na sa almakashi na tsinke zaren, na tsince masu ruwan zinarin na zuba a murfin kwalba. Na jawo langa daga ƙarƙashin gado: shuɗi gida biyar ya rage, fari uku da ɗan guntu. Na aiki yaro gidan Hajiya ya tambayo ko obin ɗin yana nan ba ta ba wani ba.